Kwalbar da Capitoline Ta Buɗe a Kicin

Kwalba ta goma sha huɗu ce a hannunta. Capitoline ta goge wuyanta da tsumma, ta bi murfin da babban yatsa ta ji ko ya lotsa, ta ɗaga ta wajen hasken taga, sannan ta jera ta a firij kusa da 'yan'uwanta. Haka take yi kowace safiya kafin ta juya allon ƙofa mai nuna an buɗe. Kwalbar da murfinta ya ɗan karkace, ko da a mota ne ta bugu, ba ta zuwa teburin kowa. Gefe take ajiye ta, mai kawo kaya ya koma da abarsa.

Gidan abincin ƙarami ne, teburi takwas, a wani lungu na unguwar Outremeuse a birnin Liège na ƙasar Beljiyam, tsakanin mai gyaran keke da wani kanti da ya shekara uku a rufe. Wake da ayaba, tuwon rogo da miyar ganyen rogo, tsiren akuya. Ranar Asabar kuma akwai mukeke, kifin tafkin Tanganyika, wanda ke isowa a daskare kamar itace, amma da ya ji wuta sai ya tuna garinsu, ƙamshinsa ya cika lungun har bakin kogi. Pascasie ce ke kicin, ƙanwar mijinta marigayi, mace mai kaifin baki da hannu mai daɗi. Capitoline ita ce ke tsakanin tebura.

Turawan unguwa sun ɗauka salo ne yadda take kawo kwalba a rufe, ta ajiye ta gaban mutum, ta jira ya kalle ta, sannan ta buɗe a kan idonsa. 'Yan Burundi sun san ba salo ba ne. A gida ba a kawo wa mutum abin sha a buɗe, domin abin da aka buɗe a bayan idonka ba ka san hannun da ya bi ta kansa ba. Ko ɗan da aka haifa a nan, wanda bai taɓa ganin jar ƙasar tuddai ba, in aka miƙo masa lemo babu murfi sai ka ga ya waiga ya kalli uwarsa.

Ita a wurin mahaifinta ta koya, a kan wani tudu na yankin Kayanza a can Burundi. In baƙo ya zo, tsohon yakan sa a fito da tulun giyar ayaba, ya sa karan zuƙa a bakinsa ya fara kurɓa shi da kansa, ya haɗiye a fili kowa ya gani, sannan ya miƙa. Baƙo ba ya tashi sai ya nemi hanya. In ya nema, a hana shi, a ce rana ba ta yi ba tukuna. In ya sake nema, a tashi a raka shi, a wuce gonar kofi, a gangara har rafi, wani lokaci har a hango rufin gidansa. Wannan ne kaɗai kayan da Capitoline ta fito da shi daga ƙasar. Ta ɗauke shi zuwa sansanin gudun hijira a Tanzaniya da 'yarta Nadine a baya, ta ɗauke shi zuwa Beljiyam inda ta shekara goma tana goge ofisoshin da ba ta taɓa ganin masu su ba. Da ta sami wuri nata, ba ta taɓa barin baƙo ya buɗe wa kansa ƙofar fita ba. Ko da faranti a hannunta, sai ta ajiye ta taka masa har bakin titi, ta tsaya cikin sanyi babu riga mai kauri.

“Wata rana za ki raka wani har Brussels ki bar ni da wanke-wanke,” in ji Pascasie.

“In kin gyara gishirinki ba sai na bi su ina ba da haƙuri ba.”

“Ji min mata! Gishirin nawa ne ya sa suke dawowa, ba wannan doguwar gaisuwar taki ba.”

Shekara takwas suna wannan. Amma a safiyar da muke magana, Pascasie ta leƙo daga kicin ta jefo wata tsokana, Capitoline ba ta amsa ba. Kwana tara ke nan ba ta amsa tsokana.

Ga abin da ya faru. Ranar Talata ce, wajen ƙarfe biyu na rana, ana yayyafi, babu kowa sai wasu ɗalibai biyu a lungu. Ƙofa ta buɗe, wani tsoho ya shigo yana dogara lema, ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji. Ya rame, kwat ɗinsa ta yi masa yawa kamar ta aro. Amma ta gane shi tun kafin ya ɗago kai, daga yadda yake goge ƙafa sau biyu a bakin ƙofa kamar mai shiga aji.

Térence ne, malamin firamaren tudunsu. Tare suka yi kiwon awaki da mijinta Anicet suna yara, shi ne babban abokin ango ranar aurenta. A watan Oktoban 1993, lokacin da rikicin ƙabilanci ya sa maƙwabci ya tashi wa maƙwabci, Anicet ya tura ta cikin gonar ayaba da jaririya, shi kuma ya ruga gidan Térence, domin gidan Térence ba ya cikin waɗanda ake nema. Da rana tsaka ne. Daga inda take kwance tana jin bugun ƙofar. Tana jin mijinta yana kiran sunan abokinsa, da ƙarfi, sannan a hankali, sannan da sunan da suke kiran juna suna yara. Hayaƙi na fita ta rufin gidan, akwai mutane a ciki. Ƙofar ba ta buɗe ba. A bakin rafi aka cim masa.

Shekara ashirin da shida ba ta sa Térence a ido ba. Ta dai ji a coci cewa 'yarsa da ke garin Seraing, nan kusa da Liège, ta kawo shi neman maganin ƙoda.

“Amahoro, Maman Nadine,” in ji shi.

“Amahoro, Mutama.” Lafiya ya yi mata, lafiya ta mayar masa, har da sunan girmamawar da ake ba tsofaffi. Bakinta ne ya yi aikinsa, ita ba ta sa shi ba.

Ya zauna kusa da taga. Ya ce likita ya hana shi giya, ko za a sami lemo. Ta je firij ta ɗauko kwalba. Taku shida ne daga firij zuwa teburinsa, taku uku zuwa kicin. Ta yi taku ukun. Ta tura ƙofar kicin ta rufe a bayanta, ta tsaya, ta bar lokaci ya ɗan wuce, sannan ta ɓalle murfin. Ƙarar ta fita har ɗaki. Pascasie, da ta riga ta hango shi ta tagar miƙa abinci, ta saki ludayi ta zuba mata ido.

Ba ta zuba komai a ciki ba. Ko yatsanta bai taɓa bakin kwalbar ba. Ta fito da ita a buɗe, ta dangwarar a gabansa, ta koma bayan kanta ta harɗe hannu.

Abin da take so ƙarami ne, ko haka ta gaya wa kanta. Tana so ya zauna gaban kwalbar ya kasa sha. Tana so ya ji tsoro ya kama shi a gidan da kowa ke zuwa ya saki jiki, ya yi ta juya hularsa, daga ƙarshe ya tashi ya bar lemon cike, ita kuma ta zubar a gaban idonsa. Kowane ɗan Burundi haka zai yi. Ba ta yi shakka ba ko kaɗan.

Térence ya kalli kwalbar. Ya kalli ƙofar kicin da ke ɗan lilo har yanzu. Ya kalle ta. Sannan ya yi alamar gicciye, ya kama kwalbar da hannu biyu domin ɗaya ba zai riƙe ba, ya kafa kai. Bai sauke ba. Tana ganin maƙogwaronsa yana hawa yana sauka a siririn wuyan nan, lemo na gangarowa ta gefen bakinsa yana ɗiga a kan kwat, idonsa a rufe kamar yaron da ake ba magani mai ɗaci. Ya shanye tas. Ya ajiye kwalbar a hankali, ya goge baki da hankici.

Ya ɗan zauna, hannuwansa a kan gwiwa, kamar mai jiran wani abu ya fara a cikinsa. Sannan ya ce, “Maman Nadine, ina neman hanya.”

Nan ne ake cewa a'a, zauna tukuna, ba ka ci komai ba.

“Ga ta nan,” in ji ta.

Ya yi fama da ƙofar, domin tana da nauyi kuma lema na hannunsa. Ɗaya daga cikin ɗaliban ne ya tashi ya riƙe masa.

Pascasie ta yi murna ranar. Ta ce Yaya Anicet ya juya a kabarinsa ya gyara kwanciya. Ta ce da ita ce, da barkono ta cika masa. Capitoline ta yi ƙoƙarin jin daɗin ita ma, ta nema a ƙirjinta ba ta same shi ba. Abin da ta samu shi ne wannan: mutumin ya yarda har zuciyarsa cewa za ta iya, kuma ya sha. Ba wai ya amince da ita ba ne. Ya ɗauka hukunci ne ya zo, ya miƙa wuya. Ita da take tinƙaho cewa a duk Liège babu inda ɗan ƙasarsu zai ci abinci ido rufe sai wurinta, ta ɗauki abu guda da mahaifinta ya bar mata ta mayar da shi wuƙa. Kuma wuƙar ta shiga.

Kwana tara tana kawo wa mutane kwalba a rufe, tana buɗewa a gabansu, hannunta na yin komai daidai. Amma duk ƙarar murfi sai ta ga wuyan nan. Ta daina cin abincin rana. Ranar Lahadi ta je coci, da aka tashi karɓar Jibin Ubangiji ta zauna a bencinta tana kallon takalmanta. Nadine ta kira daga birnin Anvers ta ce, “Mama, muryarki wata iri,” ta ce mura ce.

To, ranar Alhamis ɗin nan ta gama goge kwalabe, ta juya allo. Kafin sha biyu da rabi teburin taga ya cika da mutanensa na kullum, direbobin tasi huɗu 'yan gida, waɗanda duk labarin da ya shiga kunnensu kafin la'asar ya kai Brussels, kafin magariba ya kai Bujumbura. Suna cikin gardamar ƙwallo wata mata ta shigo da rigar aikin gidan kula da tsofaffi a ƙarƙashin kwat. Ba ta zauna ba. Ta gaishe da mazan a ladabce, ta zo kanta ta yi ƙasa da murya.

“Mama, ni ce Odile, 'yar Térence. Ko zan iya ganinki a ciki?”

A kicin, tsakanin tukunyar wake da kwandon ayaba, Odile ta durƙusa. Mace ce mai shekara talatin, ta san allura ta san awon jini, amma ta durƙusa a kan tayil mai maiƙo ta kama gefen zanen Capitoline.

“Tashi, 'yata, tashi, ƙasan ba tsabta.”

“Ban zo faɗa ba, Mama. Ban gaya wa kowa ba, ko mijina. Baba ya daina cin abinci tun ranar da ya zo nan. Ruwa ma sai na yi kuka yake kurɓa. Na kai shi asibiti, sun duba komai, sun ce babu sabon abu, ciwonsa na da ne kawai. Shi kuwa ya ce su ba za su gani ba, abin da ya sha ya riga ya zauna. Ya daina shan maganinsa, ya ce ɓarna ce. Jiya ya ba ni agogonsa.” Ta ƙara damƙe zanen. “Makari nake roƙo. Ko mene ne, ki ba ni makarinsa. Ba wanda zai ji.”

“Makarin me?” Pascasie ta buga ludayi a bakin tukunya. “Ke yarinya, kin san inda kike? Mu ne masu sammu? Ubanki ne ya aiko ki ki ɓata mana suna?”

“Bai san na zo ba, Inna. Ya hana ni. Ya ce kada wanda ya dami Maman Nadine, haƙƙinta ta karɓa.”

“To ai ya faɗi gaskiya sau ɗaya a rayuwarsa!”

“Pascasie,” in ji Capitoline.

“Kada ki Pascasie ni. Ɗan'uwana ne, ciki ɗaya. Ni na wanke gawarsa, ke kina daji.”

Odile ba ta ɗago ba. Ta ce, “Ina da shekara huɗu lokacin. Ina riƙe da ƙafar Baba a bayan ƙofar. Hannunsa na kan sakata, na tuna wannan. Ban san me ya sa bai zare ba, bai taɓa faɗa ba, ni ma ban taɓa tambaya ba. Ba na cewa yana da gaskiya. Ubana ne kawai.”

Wake na tafasa. Daga ɗaki wani direba ya ƙwala kira, “Maman Nadine, tuwon nan daga Kayanza ake kawo shi ne?” sauran suka kwashe da dariya.

Capitoline ta jingina da bango. Maganar da ta yi kwana tara tana juyawa a baki ta fito ba ado. “Babu komai a kwalbar, Odile. Lemo ne, yadda ya fito daga kamfani. Na buɗe a nan ne don ya ji tsoro. Da gangan na yi. Na ɗauka zai bari.”

Odile ta ɗago ta kalle ta, ta daɗe tana kallo. Capitoline ta ga yarinyar tana son ta yarda amma ba ta gama yarda ba, kuma wannan kallon ya fi duk zagin duniya zafi.

“Ko gaskiya ne,” in ji Odile a hankali, “in ni na faɗa masa ba zai ji ba. Zai ce lallashi ne. Ki ba ni ko gari ne a takarda, ko toka, in ce daga wurinki. Zai sha, zai tashi.”

“Kin ji ko?” Pascasie ta matso, wannan karon murya ƙasa-ƙasa, da tsoro a cikinta. “Matar Yaya, saurare ni da kyau. Kika ba ta ko ƙwayar gishiri a takarda, kin amsa ke nan. Mai makari ita ce mai guba. Kika taka ƙafa gidan nan, gobe duk Liège za ta ce Capitoline ta je kwance abin da ta ɗaura. Wa zai ƙara cin wakenki? Waɗancan huɗun da ke waje? Ko matansu za su bar su? Shekara takwas muna tsaye a kan ƙafafun nan. Ki ce mata Allah ya ba shi lafiya, ta tafi.”

Gaskiya Pascasie ta faɗa, Capitoline ta sani. A cikin mutanensu zargin sammu ba ya wankuwa. Ta san wata mata a garin Namur da aka daina karɓar ko ruwa daga hannunta saboda magana guda da aka yi a wurin suna, har ta tattara ta koma wani gari. Ba za a zo a yi mata faɗa ba. Za a ci gaba da gaishe ta a coci da fara'a, teburin taga kawai zai zama babu kowa.

Ta kalli hannuwanta. Ta yi tunanin Anicet, ta jira fushin ya taso ya tsaya mata kamar yadda ya saba, ya taso kuwa, yana nan daram, bai ragu ba. Sai dai a gefensa akwai wani tsoho kwance a Seraing yana mutuwa da abin da ita ta ba shi, ko da ba a kwalba ta zuba ba.

“Ba zan ba ki toka ba,” in ji ta. “Na yi masa ƙarya sau ɗaya ba tare da na buɗe baki ba, ya isa. Yana gane mutane?”

“Yana ganewa.”

“Da mota kika zo?”

“Tana bakin gada.”

“Capitoline!” Pascasie ba ta taɓa kiran ta da sunanta tsirara ba sai yau. “Me za ki ce masa? Kin yafe? Da bakin wa?”

“Ban yafe ba. Ba wannan zan je faɗa ba.” Ta kwance ɗamarar aiki ta rataye a ƙusa. “Abin da na yi zan faɗa masa, da bakina, yana kallona. In ya ƙi yarda in zauna har ya yarda. Rage wutar waken nan, zai kama.”

“Akwai ƙofar baya,” in ji Pascasie, idonta ya kawo ruwa. “Don Allah ko ta baya ku bi.”

Capitoline ta ɗauki kwat ɗinta. Ta kama Odile ta tashe ta, ta kaɗe mata gwiwa, ta tura ƙofar da ke shiga ɗaki. Direbobin suka juyo. Babbansu, mai tumbi, ya ɗaga cokali.

“A'a, Maman Nadine, ina zuwa da tsakar rana? Mu kuma wa kika bar wa, wannan mai zagin?”

“Seraing za ni,” in ji ta, da muryar da ta kai kowane teburi. “Gidan Térence. Ba shi da lafiya, kuma ni ce sanadi.”

Cokalin ya tsaya a sama. Babu wanda ya yi dariya. Ta bi tsakanin teburan tana sa maɓallan kwat, ta ja ƙofar mai nauyi, ta riƙe wa Odile ta wuce, sannan ita ma ta fita.